Ba Lalaci Ne Ya Kori Matasa Daga Gindin Inji Ba

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ƙaddamar da shirin koyar da sana'o'in hannu a 2025, da karatu kyauta da ɗan alawus, masu sharhi suka samu abin faɗa: wai yaran yanzu ba sa son maiƙo a hannu, kowa ofis yake hange, shi ya sa masana'antu suka rasa masu gyaran inji. Wannan magana zalunci ce, kuma masu yin ta sun sani.

Mai shakka ya shiga Sharaɗa ko Bompai a Kano. Zai ga yaron da ya gama foliteknik, an ɗauke shi aikin wucin gadi ta hannun ɗan kwangila, ba takardar kama aiki, ba fansho, ba asibiti. In bel ya tsinke cikin dare, shi zai kwana a gindin injin roba. Shi zai buɗe akwatin wuta da silifas a ƙafa, domin takalmin kariya sai dai ya saya da kuɗinsa. Ranar da inji ya cinye masa yatsu, a ɗaure hannun a kemis, a ba shi na cefane, washegari a kawo wani. Dokar biyan diyya ga ma'aikata tana nan tun 2010, amma tambayi yaran nan ko akwai wanda ya taɓa karanta musu ita. Yaro ya ga abokinsa mai haɗa sola ya fi shi rufin asiri, kuma da yatsunsa goma. Don me zai zauna?

Za a ce masu kamfani ma suna kuka da tsadar dizal da rashin wuta. To, sai me? In inji ya tsaya cak, ai nan da nan ake samun kuɗin ɗauko ƙwararre daga Indiya ko Sin, a ba shi gida da mota. Kuɗi ba ya yin wuya sai in ɗan ƙasa ne ke riƙe da sifana.

Gwamnatin da ke kiran matasa su rungumi sana'a ita ce ta fara wulaƙanta mai sana'a. Shekara da shekaru ana tsayar da mai HND ta foliteknik a mataki na 14 a aikin gwamnati, ƙanensa mai digiri ya zo ya wuce shi ya zama darakta, alhali mai HND ɗin ne ya san ciwon inji daga jin ƙararsa. Majalisa ta amince da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba. Manyan da suka yi gum a lokacin, yau su ne ke wa'azin darajar aikin hannu, nasu 'ya'yan kuwa suna jami'o'in Ingila.

Kuma yaran nan suna da iyaye. Ɗan unguwar Kakuri a Kaduna ya ga yadda aka rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002, wadda aka buɗe tun 1957, ya ga mahaifinsa bakanike yana zaryar neman haƙƙinsa har furfura ta cika masa kai, wasu abokan aikinsa suka rasu ba a biya su ba. Wa zai gaya wa wannan yaro cewa gyaran inji na da makoma?

Malam Minista, alawus zai cika aji, amma ba zai riƙe kowa a masana'anta ba. A hana ɗaukar masu gyara aikin wucin gadi, a tilasta ba su kayan kariya da diyya, a maido da ƙudirin HND a sa masa hannu.