Mun Riƙe Sunan Mawaƙi, To Wa Ya Busa Ƙahon?

A kasuwar Dakoro ba a shan wahalar neman tsohuwar waƙa. Ka miƙa wa yaron da ke zaune gaban kwamfuta katin wayarka, ka ce masa na da kake so, ka ba shi ’yan canji. Kafin ku gama gaisawa da maƙwabcinsa mai cajin waya ya cika maka shi taf: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya, Sa’adu Bori, ’yan Kwango, har da na Indiya. Abin da ba ya shiga katin shi ne bayani. Wata waƙar lamba ce kawai sunanta, wata kuma dogon jerin haruffan da WhatsApp ya liƙa mata. Ba shekara, ba sunan faifai, balle a yi maganar waɗanda suka yi kiɗan.

Ni kuwa kiɗan nake nema. Akwai wasu faya-fayai da kaset na shekarun 1970 zuwa 1990 da in ka sa su sai ka ji ɗakin ya cika: ƙaho biyu ko uku suna amsa wa juna, jita ɗaya tana riƙe da tafiya ɗaya tana yawo a kanta, bas a ƙasa, mata suna amshi a baya. Wannan cikar aikin hannu da yawa ce. Mafi yawansu makaɗan haya ne, waɗanda ake kira sitidiyo a ba su waƙar da ba su taɓa ji ba, su gyara ta, su kaɗa, a biya su, su rataya kayansu su wuce wurin wani mawaƙin. Ra’ayina shi ne duk mai neman irin waɗannan faya-fayai, in ya samu waƙar bai samu sunayen mutanen nan ba, rabin abin ya samu. Kuma rabin da ya rage shi ne mai saurin ɓacewa, domin waƙa tana da kofi dubu a wayoyi, sunayen kuwa suna cikin kan ’yan tsofaffi ƙalilan.

Mu ɗauki namu na gida. Marigayi Sa’adu Bori, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, babu wanda ya girma a jihar Maraɗi da bai yi rawa da kiɗansa ba. A tsakiyar shekarun 1990 Ibrahima Sylla, ɗan Senegal mai kamfanin Syllart, ya ɗauke shi tare da Moussa Poussy, kuma a 1994 kamfanin Stern’s na Landan ya fitar da waƙoƙinsu a faifai ɗaya mai suna Niamey Twice. Da wannan faifan ne mutane da yawa a waje suka fara jin kiɗan zamani na Nijar. Ka tambayi duk fadar da ke shan shayi a garin nan, za su rera maka Sa’adu Bori daga farko har ƙarshe. Ka ce wa ya tsara ƙahonin, wa ke kan bas, sai a dubi juna.

Sylla, wanda ya rasu a 2013, ya gina sunansa ne a kan irin waɗannan mutane. Yakan haɗa mawaƙi daga wata ƙasa da makaɗa daga ƙasashe uku ko huɗu a sitidiyon Abijan ko Paris, ya sa mai tsara kiɗa a kansu. Faifan Soro na Salif Keita, wanda ya fito a 1987 ya buɗe masa ƙofar duniya, Faransawa biyu ne suka tsara kiɗansa, François Bréant da Jean-Philippe Rykiel, na biyun makaho ne gwanin fiyano. Boncana Maïga na Mali, wanda ya yi karatun kiɗa a Kuba, shi ne ya tsara wa ’yan ƙungiyar Africando sautinsu. Kiɗan Kwango da muka riƙa kashe ƙafa da shi a bukukuwa, in ka bi diddigi za ka tarar ’yan jita kaɗan ne mazauna Paris suke zagayawa daga faifai zuwa faifai. Lokassa ya Mbongo na cikinsu. Hannunsa na cikin waƙoƙin da ba su ƙirguwa. Wanda ya san wannan, neman faifai ya zo masa da sauƙi, don ya daina bin sunan mawaƙi kaɗai. In ya ga sunan mai tsara kiɗan da ya yarda da shi a bayan kwali, zai saya ko bai taɓa jin mai waƙar ba, kuma da wuya ya yi da-na-sani.

Ba mu kaɗai muka yi wa makaɗa wannan riƙon ba. A Amurka, kamfanin Motown na Detroit ya yi shekara fiye da goma yana fitar da waƙoƙin da suka cika duniya da wasu makaɗa da ake kira Funk Brothers, ba tare da an rubuta sunansu a kwali ba. Sai a 1971, a faifan What’s Going On na Marvin Gaye, aka jera su. Gwaninsu na bas, James Jamerson, ya rasu a 1983, kusan shekara ashirin kafin a yi fim a kansu a 2002. Labarin da ya fi burge ni kuwa na Indiya ne, tunda mu ’yan kallon Indiya ne tun na sinima. Gogen Turawa da ke tashi gaba ɗaya a waƙoƙin fina-finan da, masu kaɗa shi makaɗan haya ne na Bombay, da yawansu Kiristocin Goa da suka iya karanta rubutun kiɗa. Ɗaya daga cikinsu, Anthony Gonsalves, shi ya koya wa mai tsara kiɗan fim Pyarelal goge. Da ɗalibin ya zama babba, sai aka sa wa Amitabh Bachchan sunan malamin a fim ɗin Amar Akbar Anthony na 1977. Mutane nawa ne a Kano da Maraɗi suka haddace sunan nan ba su san na mai goge ba ne?

Wani zai ce ai al’adarmu ce, mawaƙi ake sani. Ban yarda ba. Ka saurari manyan mawaƙan gargajiya da kyau, za ka ji suna kiran mai kalangu ko ɗan amshi a tsakiyar waƙa, su yaba masa, su zolaye shi, wani lokaci su tsawata masa. Masu sauraro sun san wa ke riƙe da wace ganga. Kamar gayya ce: hatsin na mai gona ne, amma kowa a gari ya san su wa suka riƙe hauya ranar. Kiɗan orkes ne ya faɗa tsakani. Bai gaji kiran suna na baka ba, takardar da ya dogara da ita kuma ba ta iso mana ba.

Yadda ba ta iso ba, na gani da idona. Akwai wani mai gyaran rediyo a garin nan da ke da tsohuwar akwatin ƙarfe cike da kaset, waɗanda masu rikoda suka bari ba su dawo ba. Da ya buɗe mini, ƙurar da ta tashi sai da ta sa mu duka tari. Yawancinsu kofi ne na kofi, irin waɗanda ake bugawa a Kano ko Maraɗi a sayar a faranti a tasha. Takardar cikinsu hoton mawaƙi ne da ya dushe, da jerin waƙoƙi, shi ke nan. Mai bugawa ba zai ɓata tawada a kan sunan mai bas ba. Wasu ba su da takarda ma, an dai rubuta da jan biro a jikin robar. Ya ɗauki ɗaya, ya zura biro a ramin ya juya har zaren ya miƙe, ya duba ɗan audugar da ke danne zaren a ƙasa ya ga ta faɗi, ya ciro wata daga mataccen kaset ya liƙa. Inda zaren ya tsinke, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce.

Na ce, “Baba, cikin nan akwai na asali?”

Ya ce, “Ɗana, na asali ai sai ma’aikata. Su ke zuwa Yamai.”

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne hanya ga mai nema. Kaset da faifan garmaho na asali, masu cikakken kwali, suna gidajen tsofaffin malaman makaranta, ma’aikatan asibiti, sojoji da jandarmomi masu ritaya, da alhazan da suka yi fatauci zuwa Legas da Abijan. Suna ƙarƙashin gado ko saman rumbu, inda zafi ke lanƙwasa faifai, gara kuma ta fi son kwalin da kowane abu. In mai gidan ya rasu, ranar rabon gado ba a lissafa su. Yara su yi wasa da faifan, a hura wuta da kwalin.

Sauran dukiyar tana Yamai. A zamanin Seyni Kountché, da bukukuwan matasa na ƙasa da samariya, sannan gasar Ɗan Gurmu da aka fara a ƙarshen shekarun 1980, kowace jiha ta yi ƙoƙarin tsayar da orkes nata. Sitidiyon kasuwa kusan babu, saboda haka abin da aka ɗauka yawanci a gidan rediyon ƙasa aka ɗauke shi, Muryar Sahel. Ƙungiya irin Azna de l’Ader ta Tawa, da gwanin jitarta Mona, ta yi shekaru tana kiɗa tun shekarun 1970 amma samun sautinta a kasuwa sai an tona. Labarin Mamman Sani ya ishe mu misali. A 1978 ya ɗauki kaset ɗaya a gidan rediyon da ogan ɗinsa ƙirar Italiya. ’Yan Nijar sun yi shekaru suna jin kiɗan nan tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. Sai da wani Ba’amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mutumin, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, har Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa.

Na sha jin ana gunaguni cewa Turawa na kwashe mana kaya. Akwai abin dubawa a maganar, musamman wajen kuɗi da yarjejeniya. Amma mu faɗi gaskiya: kaset ɗin ya yi shekara talatin da biyar a hannunmu. Baƙon bai fi mu kunne ba, tambaya ya fi mu. Ya ce wa ya yi wannan, yana raye, ina gidansa. Kuma zancen suna zancen tuwo ne. Ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ko da ya so biyan mai ƙaho, ba zai biya wanda babu sunansa a ko’ina ba.

Ban ce a koma da ba. Fiyanon Yamaha da ya mamaye sitidiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990 ya sa yaro ɗaya yana yin aikin mutum goma, waƙa ta yi araha, dubban matasa sun samu abin yi, har nan Dakoro. Ina dai jin bambanci. Ƙahon da mutum ya busa yana da numfashi, yakan ɗan makara, yakan ɗan yi gaba. Na na’ura daidai yake kullum, kuma kunnena kan gaji da shi kafin waƙa ta uku. Wasu abokaina kuma suna ganin kiɗan Abijan da Paris ya yi santsi da yawa, ya wanke wa mawaƙanmu ƙurar gida. A wasu faya-fayan haka ne. Amma ko wannan gardamar ba ta yiwuwa sai an san wa ya yi me.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga tsofaffin ’yan orkes ba sa son a tuna. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, na zamani kuma ana haɗa shi da mashaya. Wasu ma’aikatan gwamnati ne da suka yi kiɗan a ɓoye daga iyayensu. Yau sun yi furfura, suna sahun gaba a masallaci, ’ya’yansu sun yi aure, in ka kawo zancen sai su ce sun tuba. Na zauna da wani irinsu a Maraɗi. Ya ƙi sam a ambaci sunansa, ban kuma matsa ba, don haƙƙinsa ne. Amma da na sa masa wata tsohuwar waƙa a waya, bai bari ta kai rabi ba ya fara lissafa mini waɗanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa, da wanda ya rasu, da wanda ya ari jitar da aka kaɗa. Abin da ba ya cikin kowane kwali, yana bakinsa.

Shi ya sa nake ganin aikin bai fi ƙarfin gidajen rediyonmu na gari ba, kuma ba ya jiran tallafin kowace ƙungiyar waje. Awa ɗaya a mako ta isa. A sa tsohuwar waƙa, a buɗe layi, a ce duk wanda ya san wa ke kan jita ko ganga, da shekarar da aka ɗauka, da inda aka ɗauka, ya kira. Wani ya zauna da littafi yana rubutawa, a tura kofi cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai sunan Elhaji Taya a Yamai. Za a yi musu, wani zai ce ƙanin babansa ne alhali ba shi ba ne, sai wani tsoho daga Kornaka ko Tibiri ya kira ya gyara. Masu kira suna gaida surukai na minti biyar ba za su rasa minti ɗaya na wannan ba.