Waiwaye: Ina Hoton Namu Sanyin?

Ina yaro a Karakara, duk ƙarshen shekara Baba kan dawo daga kasuwar Malanbil da sabuwar kalanda a naɗe cikin kayansa. Wata shekara ya tsallako gadar Gaya da wadda har yau ban manta ba. Shafin Janairu tsauni ne fari fat, ga ɗakin katako a gindinsa, ga wasu 'yan taurari masu tsini shida suna zubowa daga sama.

Kakata Iya ta ɗaga fitila ta ƙura masa ido. "Maigidana, wannan gishirin Foga ne ko auduga?" Na ce mata a lakwal an gaya mana dusar ƙanƙara ce, sanyin Turai ke nan. Ta jinjina kai ta ce, "To, namu sanyin ina hotonsa?"

A lokacin hunturu ya kankama. Hazo ya lulluɓe giginyu, dugaduganmu sun tsage ana cusa musu man kaɗe, da asuba mu kewaye wutar kara muna jiran kunu. Ba ko ɗaya daga ciki a bangon zaurenmu.

Iya ba ta san lambobin boko ba, amma lissafin shekara bai taɓa kuɓuce mata ba. In shamuwa ta sauka, sai ta fiddo irin gero, don damina ta ƙarato. In gawo ya yi sabon ganye, ruwa ya yi sallama. Azumi da layya kuwa, jinjirin wata take duba.

Sai da na girma na san cewa a Birazil da Afirka ta Kudu, Janairu tsakiyar zafi ne. Ashe masu buga hoton nan yanayin gidansu suka ɗauka, sun kuma kyauta wa 'ya'yansu. Mu ne muka bar bangonmu ga baƙo.

Yau kyamara na cikin wayar kowa, kuma ba a rasa maɗaba'a a Yamai ko Sakkwato. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma masu raba kalanda, ku sa mana masunta a kogin Isa, da masu haƙar muruci, da masu dafa gishiri a Dallol Foga, ku jera watannin Hijira kusa da na boko. Yaron da ya tashi yana ganin garinsu a bango zai san cewa abin kallo ne, kuma ya samu amsar da ni na kasa ba Iya.