RA'AYI: Liƙin biki, kyamarar waya da albashin da ba ya kai ƙarshen wata

Duk wanda ya halarci dinar aure a Abuja cikin 'yan shekarun nan ya san lokacin da taro ke kai ƙololuwa: lokacin da mai gabatarwa zai kira "abokan aikin ango" su fito fili. Mawaƙi ya ɗaga murya, wayoyi su tashi sama, sababbin takardun naira su fara zuba kamar ruwan Agusta. Kafin gari ya waye, bidiyon ya zaga Instagram da TikTok da WhatsApp. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne da yawa daga cikin masu liƙin ma'aikata ne da za su yi sammako ranar Litinin, su kutsa cunkoson Mararaba da Nyanya ko hanyar Kubwa, suna lissafin kwanakin da suka rage kafin albashi ya shigo.

Kyauta a bainar jama'a ba baƙuwa ba ce a al'adar Hausawa. Makaɗa da mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge sun rayu ne da kyautar masoyansu, kuma aikin sanƙira shi ne ya shelanta wanda ya bayar da abin da ya bayar. A ɓangaren mata kuwa, gudummawar biki ajiya ce: abin da kika kai wa ƙawarki yau, za ta rama miki ranar naki, sau da yawa har da ƙari. Amma a wancan tsari akwai linzami. Masu kallo 'yan unguwa ne da suka san gonar mutum da shagonsa, saboda haka wanda ya yi kyautar da ta fi ƙarfinsa dariya za a yi masa. Ita kuma gudummawa tana shiga hannun masu hidima ne, ta rage musu nauyi.

Kyamarar waya ta cire wannan linzami. Masu kallon yau dubban baƙin ido ne da ba su san matakin albashin kowa ba, ba su da ma'auni sai kaurin bandir. Jami'in da ke mataki na 8 yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ɗan kwangila, kuma bidiyo ba ya bambanta su. Sai mai ƙaramin ƙarfi ya ji cewa dole ya yi abin da ba za a raina shi ba. Kafin ranar ma an riga an sa shi a zauren WhatsApp na biki, an yanka masa kuɗin anko, ga ɗinki, ga hula. A bakin zauren taro kuma masu sayar da sabon kuɗi na jiransa, zai sayi naira da naira a kan farashin da ya haura darajarta. Daga abin da ya watsar, wani kaso zai tafi ga mawaƙi da masu tsinta, wani a tattake shi, abin da zai isa ga ma'auratan kaɗan ne.

A gwada wannan da aljihun ma'aikaci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alhali a wasu watannin shekarar buhun shinkafa kaɗai ya zarce haka. Wanda zai yi liƙi a bukukuwa biyu ko uku a wata da irin wannan samu, daga ina zai ɗebo? Ko dai ya ci adashensa tun kafin lokaci, ko ya karɓi rance daga ƙungiyar taimakon juna ta ofis, ko ya faɗa hannun manhajojin bashi, waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen tozarta wanda ya gaza biya. Hanya ta huɗu ita ce mafi muni, kuma kowa ya san ta: fayil ɗin da ba ya motsi sai an "ga" mai riƙe da shi. Ba kowane mai liƙi ne ke cin hanci ba, amma al'adar da ke tilasta wa ma'aikaci kashe abin da bai samu ba tana buɗe wa cin hanci ƙofa.

Hadiman manya sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Jama'a na yi musu kallon kitse alhali rogo ne: an ga mutum a bayan minista ko sanata a hoto, sai a ɗauka baitulmali na aljihunsa. Idan ya yi liƙi kaɗan a ce marowaci ne, idan ya yi da yawa a ce kuɗin gwamnati ne. Muƙamin na ɗan lokaci ne, bidiyon kuwa yana nan a intanet bayan an sauka. Ya kamata a tuna cewa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 suna ɗaukar dukiyar da ba ta dace da halastaccen samun jami'i ba a matsayin saɓa doka, sai dai idan ya kawo hujja.

Sannan ga dokar naira kanta. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa kuɗi a wajen biki, da taka su, da sayar da su, kuma hukuncin ya kama daga ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. An daɗe ana ganin dokar a takarda kawai, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida a Afrilun 2024 ba tare da zaɓin tara ba. A 2025 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da 'yar TikTok Murja Kunya a Kano kan irin wannan laifi. Sai dai jama'a na da hujjar yin ƙorafi: ana kama 'yan soshiyal midiya, amma bukukuwan 'ya'yan masu mulki na wucewa salin alin. Dokar da ke zaɓen wanda za ta kama ba za ta sauya ɗabi'a ba. Haka nan tambayar da aka yi ta yi lokacin ƙarancin kuɗi a farkon 2023 tana nan: yaya sababbin takardun da suka gagari mai layi a banki suke isa hannun 'yan kasuwar bakin zauren biki?

Gyaran da ya fi sauƙi yana hannunmu. Abokan aiki na iya haɗa gudummawarsu wuri guda su tura asusun ango, ko su saya wa ma'auratan abin da gida ke buƙata. Mai son karrama mawaƙi ya miƙa masa a ambulan ko ya sa a faranti. Masu biki su daina mayar da anko sharaɗin shiga. Manyan jami'ai kuma su sani cewa ranar da babban sakatare ya miƙa ambulan ya koma kujerarsa, ya sauke wa ƙananan ma'aikata da dama nauyin da suke jin kunyar faɗa.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Ango da amarya za su fi amfana da kuɗin hayar wata uku fiye da bidiyon daƙiƙa talatin, kuma abokin da ya taya su murna bai kamata ya kwana da bashi saboda su ba.