Fadar Daura da Kuɗin Wuta

Ra'ayin wannan jarida shi ne, idan za a rage abin da Fadar Sarkin Daura ke ci na lantarki da man janareta, wanda ya ƙara nauyi tun da aka janye tallafin fetur a 2023, to wajibi ne a fara da gyaran ginin kansa bisa hikimar magina na dauri, kafin a ɗauko maganar sayen na'urori. Dalili kuwa, bangon tubali mai kauri, da rufin azara da aka danne da ƙasa, da 'yan tagogi can sama kusa da rufi, su ne ke tsare zafin bazara a waje har rana ta yi sanyi, alhali duk inda aka shafe irin wannan bango da siminti, aka ɗora masa kwano, sai danshi ya maƙale a ciki yana cin ginin, ɗaki kuma ya ɗauki zafin da ba ya sauka sai da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ma jiran wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO take yi. Wannan israfi ne, ko da an kira shi zamani.

Saboda haka ya kamata Majalisar Masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su sa masana su auna abin da kowane sashe na fada ke sha, a kira magina masu sanin makuba su gyara tsofaffin zauruka, a sauya ƙwayayen fitila da marasa cin wuta sosai, sa'an nan a kafa farantan hasken rana a filin da ba zai taɓa tsohon rufi ba.