Zaɓen Cike Gurbi: Mu Tambayi Mutum, Ba Tuta Ba

Yau maganar ƙuri'a zan yi muku, ko da yake na san wasunku za su ce wannan sha'anin maza ne.

A watan Agusta na 1976 da ma kafin nan ba mu da ta cewa, don sai a ƙarshen shekarar nan ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha. To, me muka yi da ita?

Ku dubi Ƙauran Namoda ta Kudu. Ɗan majalisarsu na jiha ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi ran 16 ga Agusta, 2025, tsakanin APC da PDP. Ratar da ke tsakaninsu a ranar ba ta kai ƙuri'a dubu biyu ba, har hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammalu ba, sai da aka sake a wasu rumfuna kafin APC ta ci. Matan ƙauyuka uku ko huɗu sun isa su juya wannan lissafi.

Amma fa kada a ruɗe ku da tuta. A ganina jam'iyyun nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duka na manya ne, kuma kowacce rantsuwa take ita ce mai kare addini da al'ada da sarauta. Gwamna Mahmud Shinkafi ya bar ANPP ya koma PDP a 2009. Gwamna Bello Matawalle ya bar PDP ya koma APC a 2021. Wanda kika yi gaba da kishiyarki saboda shi, gobe yana can cikin jam'iyyar da ita take so, suna cin tuwo akushi ɗaya.

Mu a nan 'Yargalma muna da abin tambaya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, kuma garinmu na cikin na farko da aka gano. A tsakar gidajenmu aka daka duwatsun zinariyar, sau da yawa a turmin da ake dakan hatsi. Dalma ba kisa kaɗai take yi ba, tana taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya rayu, kuma duk malamar da ta riƙe alli a yankin nan ta ga yaron da ake maimaita wa baƙi ɗaya sati guda bai kama ba. Ba rashin ji ba ne, a daina dukansa.

Saboda haka in zaɓen cike gurbi ya zo mazaɓar Gummi da Bukkuyum, 'yar kamfen ta shigo da sabulu da taliya, ki ba ta tabarma ta zauna. Ki ce mata: "Yaya, mutumin naku me zai yi a kan gwajin jinin yara? Wa zai tsare mana hanyar gona da ta asibiti?" In ta ce za ta tambayo, ki faɗa mata ranar da za ta dawo, ki kira maƙwabta su ji amsar tare da ke.