Maganar Fitilun Kan Rufin Mota

Duk wanda dare ya taɓa riska a kan hanyar Kaduna zuwa Kano, ko ta Bauchi zuwa Gombe, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Ana cikin tafiya lafiya lau, sai ka hango wani haske ya ɓullo daga nesa, fari fat, can sama da inda fitilar mota ta saba zama. Kafin ka ankara ya cika maka ido, titi ya ɓace, gefen titi ya ɓace, ba ka ganin kome sai shi. Ka rage taka fitilar don ka roƙi arziki, mai ita kuwa ko a jikinsa. Wannan ita ce fitilar ƙari wadda masu motocin shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux, su ke jerawa a kan rufi. Da can jefi jefi a ke ganinta. Yanzu kuwa da fitilun LED suka yi araha, sai ka ga an gicciya sanda guda mai tsawon kamu biyu bisa gilashin gaba, har a kan motar da tayarta ba ta taɓa taka burji ba.

Kada a ɗauka mun zo ne mu kushe fitilar, don tana da ranarta. A 1948 aka fito da Land Rover a Ingila, ba a daɗe ba kuwa ta zama dokin rangadi a ƙasar nan. Tsofaffin ma'aikatan En'e, waɗanda suka yi aiki kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, ba sa bukatar a gaya musu yadda dare ya ke a hanyar rani. Irin waɗannan hanyoyi kuwa har yanzu suna nan: dajin Yankari da na Gashaka, fadamun Haɗeja da Nguru da damina, rairayin Yusufari, balle hanyar Agadas zuwa Bilma. In gamba ta fi ƙarfin mutum, fitilar gaba ciyawa kaɗai ta ke haskawa, ta kan rufi kuwa tana leƙawa ta kanta. In an zo mashigi, ruwa da taɓo su kan shafe fitilun ƙasa, na sama su tsira. In an hau tudu za a gangara, su ne ke nuna gindin kwari. Malamin asibiti da aka kira cikin dare, ko malamin dabbobi da ke bin ruga, yana da hujjarsa. Waɗanda ba mu ga hujjarsu ba su ne masu sa ta don ƙawa, don sun ga hotunan gasar Camel Trophy da aka riƙa yi daga 1980 zuwa 2000, inda motoci ke ratsa kurmi da fitilu jere a ka. Sun manta a cikin kurmin nan ba mai zuwa daga gaba.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, fitilar rufi ta kan ci amanar mai ita. Direba yana gane rami da tudu da gargada ta wurin inuwarsu. Fitilar da ke ƙasa da idonsa tana ja wa ko wane rami inuwa mai tsawo, ya hango shi tun da nisa. Wadda ke bisa kansa kuwa cika ramin ta ke yi da haske, hanya ta yi kamar an daɓe, sai taya ta faɗa ya ji a ƙugunsa. In kuma an matso da ita gaba ainun, haskenta ya kan zuba a kan murfin inji ya dawo masa ido, musamman in motar fara ce. Da hunturu kuwa, sa'ad da hazo ya sauko, ko in ana bin bayan wata mota cikin ƙura, hasken yana ratsawa daidai ta gaban fuskarsa, ƙurar ta mayar masa da shi, ya zama kamar an rataya masa farin mayafi. A irin wannan dare kashe ta shi ne gani.

To, wannan tsakaninsa da motarsa ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wanda ke tahowa daga gaba. Fitilar gaba ta mota, in an rage ta, an ƙera ta ne ta yanke haskenta daga sama, ta kuma sunkuya misalin santimita 1 a ko wace mita. Malaman lissafi su gwada wa yara: fitilar da ke santimita 70 daga ƙasa, in ta sunkuya haka, iyakar haskenta zai taɓa titi a mita 70, ba zai tashi zuwa idon kowa ba. Ta kan rufi ba ta da wannan ladabi. Tana zaune kusan mita 2 daga ƙasa, ba abin da ya yanke ta, idon direban ƙaramar mota kuwa mita 1 da 'yan kai ne daga titi, watau daga sama ta ke zubo masa cikin ƙwayar ido. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a ko wane sakan. A ce sakan 3 kawai ganinsa ya ɗauke, ya ci mita 66 ke nan a makance, idon dattijo kuwa ya fi na yaro jinkirin dawowa. A cikin mita 66 ɗin nan ne amalanken shanu ya ke, da mai keken da ba shi da fitilar baya, da tirelar da ta lalace aka zuba mata ganye, da malamin makaranta da ya taso daga ajin yaƙi da jahilci a kan babur. In abu ya faru, mai fitilar ya riga ya wuce, ba zai ma ji labari ba.

Saboda haka in lalle za a sa, sai a sa ta bisa ƙa'ida, ƙa'idar kuwa da lissafi ta ke farawa, abin da ba zai gagari akawu ba. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce. A raba wat ɗin fitila da 12, abin da ya fito shi ne amfiya, watau yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Ƙwai 4 masu wat 55 sun zama wat 220, amfiya 18 ke nan da ɗoriya. In masu wat 100 ne, amfiya 33. Dinamon tsohuwar Land Rover duka duka amfiya 22 ya ke bayarwa, shi ya sa direbobin da ba su yi wasa da fitila ba. Motocin yanzu sun ninka wannan, amma wayoyin fitilunsu na asali ba a yi su don ƙarin kaya ba. Sandar LED ta fi sauƙin ci, mai wat 120 na gaskiya amfiya 10 ta ke ja, sai dai lambar da ke jikin kwali sau da yawa ta fi abin da ke ciki. A sa mita a auna.

Nan ne a ke yin ɓarna. Mai wayarin ya fere wayar fitilar gaba, ya murɗa sabuwa a kai, ya naɗe da baƙin salatif, ya karɓi kuɗinsa. Siririyar waya in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi ta ke yi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfe, wuta ta tashi a ƙarƙashin sitiyari. Hanyar da ta dace ita ce, da farko a cire kan batir na nagatif. A jawo waya mai kauri daga kan fozitif, ga amfiya 18 kada ta gaza murabba'in milimita 2.5, da ya ke kuma tafiyar rufi da nisa, mai 4 ta fi. A sa mata fis wanda bai fi taƙi guda daga batir ba, ɗan sama da abin da fitilun ke ja, ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka: ga amfiya 18, fis na 25. Fis shi ne mai gadin mota, ya mutu don ta rayu, wanda kuwa ya musanya shi da silin waya ko takardar kwalin taba ya sallami mai gadi ke nan.

Daga fis sai rile, ɗan akwatin nan mai ƙafafu wanda ƙaramar wuta ke umurtarsa ya buɗe wa babba hanya. Lambobin suna rubuce a gindinsa. Ƙafa ta 30 ita ke karɓa daga batir, ta 87 ta miƙa wa fitilu, ta 85 ta tafi jikin mota, ta 86 kuwa ta tafi makunnin da ke gaban direba. Ga wurin da mu ke so a lura ƙwarai. Shi makunnin nan kada a ba shi wuta daga batir, a ba shi daga wayar doguwar fitila. In an yi haka, fitilar rufi ba za ta kama ba sai an kunna makunninta, an kuma ɗaga doguwar fitila, da direba ya rage kuwa ita ma sai ta mutu nan take, ba sai ya lalubi wani abu cikin duhu ba. Waya guda ce ta bambanta wannan haɗi da wancan, ba ƙarin ko kwabo.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kai mota garejin makaniki. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A jawo wayar nagatif tun daga fitila har jikin mota, kada a dogara ga kariyar kaya, don fenti da tsatsa ba sa ba da hanya. Ɗaurawa a kan kariya ya fi huda rufi, wanda ya huda kuwa ya toshe da kyau tun damina ba ta nuna masa ba. Sababbin motoci suna da jakar iska a ginshiƙin gefen gilashi, kada waya ta gitta ta gabanta. A ja fitilar baya kaɗan yadda bakin rufi zai yi wa murfin inji inuwa, a daidaita ta da dare a fili, a kuma riƙa duba notina, gama gargada ba abin da ba ta kwancewa.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun yi doka. A Jihar Kalifoniya ta Amurka an yarda a sa irin waɗannan fitilu don daji, amma muddin mota ta hau titin jama'a dole a kashe su, a kuma rufe su da murfin da haske ba ya ratsawa. Ba mu ga abin da zai hana Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta dubi wannan ba. Sai dai kafin a kai ga nan, da yawa daga motocin da mu ke kuka da su na ofisoshi ne, da na ayarin manya, da kuɗin jama'a aka saye su, da kuɗin jama'a aka sa musu fitilun. Ku kuwa akawuna, ta teburinku baucan ke bi. In an kawo muku takardar sa fitilar rufi, ba rashin ladabi ba ne ku tambaya wace hanyar daji motar ke bi, ku kuma duba ko an rubuta fis da rile da murfi a cikin lissafin. In babu su, a mai da takardar a cike. Sa'an nan ran da ku ke zaune a gefen direba za ku rangadi, da zarar taya ta bar burji ta hau kwalta, ku ce masa ya tsaya ya ɗaura murfin, ko da tsohon buhu ne da igiya.