SHARHI: Katanga kaɗai ba ta tsare rumbun gwamnati

Ƙofar Dumi na daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19. A wancan zamani tsaron gari bai dogara ga tsayin ganuwa kaɗai ba, domin akwai mai tsaron ƙofa da ya san mai shiga da mai fita. Yau gidaje sun cika ciki da wajen ganuwar. Haka abin ya kasance da rumbunan gwamnati da yawa a ƙasar nan: an gina su a bayan gari, gari ya faɗaɗa ya cim musu, amma har yanzu ana auna tsaronsu da katanga da kwaɗo da ɗan gadi.

Watan Oktoban 2020 ya tona asirin wannan ma'auni. Bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a sun fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama. A Bukuru ta Jihar Filato, an ga mutane a kan rufin rumbu suna jefo buhuna. A Bauchi kuwa, waɗanda suka je rumbun ba su sami komai ba, Gwamna Bala Mohammed ya ce an riga an raba kayan. Rabo a kan kari ne ya yi aikin da katanga ta kasa yi a wasu jihohin.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. A farkon Maris aka wawashe wani rumbun hukumar Babban Birnin Tarayya a yankin Gwagwa da ke Abuja, har da kwanon rufi. Idan aka sanar da rabo kuma ya yi jinkiri ga mai jin yunwa, jita-jita kan riga motar kaya isa unguwa.

Saboda haka, jami'in da aka tura duba tsaron rumbu bai kamata ya fara da awon katanga ba. Tambayar farko ita ce me ke ciki, tun yaushe, kuma wa ya ƙirga shi da idonsa. Mai riƙe da makulli da littafin ajiya a hannu ɗaya zai iya yin ɓarnar da taron jama'a ba su yi ba, kuma fasa rumbu kan ba shi damar rufe giɓin da ya daɗe.

Sai kuma haɗarin da ke fitowa daga rumbu zuwa ga maƙwabta. A Kaduna, a 2020, an kwashe magungunan da hukumar NAFDAC ta ƙwace, gwamnati ta yi gargaɗin kada a sha su. A Ekiti an yi irin wannan gargaɗi kan irin shuka da aka sa wa magani. Fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rayuka fiye da 1,000. A Beirut, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da aka bari shekaru a tashar jiragen ruwa ya tarwatse ranar 4 ga Agustan 2020, duk da wasiƙun gargaɗi da jami'ai suka rubuta.

Akwai kuma batun alhaki. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga cikin manyan rumbunan hatsinta. Wajibi ne kowace yarjejeniya ta fayyace wanda zai kira 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens idan taro ya nufo ƙofa, da wanda zai biya asara. Rahoton da bai ambaci sunan wannan mutum ba, bai kammala ba.